Fim ɗin tsoro da gardamar ƴan kallo a Madarumfa

Duk wanda ya san hanyar da ta tashi daga Maraɗi ta bi ta Ɗan Isa, ta ƙetare iyaka zuwa Jibiya da Katsina, ya san ba hatsi da dabbobi da man fetur kaɗai ke bin ta ba. Tun shekarun 1990 kaset-kaset na bidiyo ke shigowa ta nan, daga baya faifai suka gaje su, yau kuwa fim yana cikin salula, ana tura wa mutum shi a kasuwa da ƴan daloli. A cikin abin da ke shigowa akwai wani iri da samari ke kira fim ɗin tsoro, wato na fatalwa da mayu da matsafa da aljanu. Galibinsu da kuɗi kaɗan aka yi su. Duk da haka babu irin fim da ke tayar da gardama kamarsu a fada, in an gama kallo an aza shayi na biyu.

Uban wannan iri a ƙasar Najeriya shi ne Living in Bondage, wanda ya fito a Legas a 1992 cikin harshen Ibo. Kenneth Nnebue, ɗan kasuwa mai sayar da kayan lantarki da kaset, shi ya zuba kuɗin, aka ɗauke shi da na'urar bidiyo, aka kai shi kasuwa kai tsaye ba tare da ya bi ta gidan sinima ba. Labarin wani matashi ne mai suna Andy, wanda talauci ya ishe shi har ya shiga ƙungiyar asiri. Aka ce masa dukiya ba ta samuwa sai ya ba da wanda ya fi so a duniya. Ya ba da matarsa, Merit. Kuɗi suka zo, amma fatalwar matar ta hana shi sakat: ta bayyana masa ranar ɗaurin sabon aurensa, ta bayyana masa cikin abokan cinikinsa, har ya haukace yana tsintar abinci a juji, kafin a kai shi majami'a a yi masa addu'a. Kaset ɗin ya sayu fiye da yadda kowa ya zata. Waɗanda suka biyo baya sun ɗauki wannan zubi, har da wasu masu yin fim na Kano, waɗanda suka fara nasu da Turmin Danya a 1990. Sai dai a fim ɗin Hausa boka ke maye gurbin ƙungiyar asiri, malam kuma shi ke zuwa da addu'a a ƙarshe.

Masu raina irin waɗannan finafinai ba su da wuyar ganewa. Yawanci ƴan lakwal ne da suka saba da finafinan Amurka. Su dariya suke yi: fatalwa mace ce da aka shafa wa farar hoda aka yafa mata farin zane, jini ya yi kama da ruwan tumatir, aljani ya ɓace amma inuwarsa tana nan jikin bango. A ganinsu rashin kuɗi ne ya kashe aikin. A nan ban bi su ba. A can Amurkar, a 2006, wani mutum mai suna Oren Peli ya ɗauki Paranormal Activity cikin gidansa da wajen dalar Amurka 15,000, abin da bai kai sefa miliyan 10 ba, fim ɗin kuma ya tara fiye da dala miliyan 190. Ba a nuna dodo a cikinsa. Ƙofa ce ke motsi da dare, sai sawu a kan hoda. Can ma ƴan kallo sun rabu, wasu suka ce babu abin da ya faru a ciki, wasu suka kasa barci. Ashe tsoro ba ya bin nauyin aljihu.

Amma mafi yawan ƴan kallonmu ba wannan ne ma'auninsu ba, kuma nan ne maganar take da daɗi. Mutumin Madarumfa ya tashi a bakin tabkin da kaburburan waliyyai 99 suka kewaye, wurin da Nijar ta sa cikin jerin wuraren tarihin da ta gabatar wa UNESCO a 2006. Tun yana yaro yake jin labarin hasken da ake ce ana gani a kan kaburburan da dare. Ya kuma tashi a kwarin Gulbin Maraɗi, inda bori yake da tushe mai zurfi, har wata mai bincike Bafaransa, Jacqueline Monfouga-Nicolas, ta buga littafi guda a kansa a 1972. Irin wannan ɗan kallo ba ya tambaya ko abin da aka nuna yana yiwuwa. Tambayarsa ita ce: wanda ya yi fim ɗin ya san abin, ko kuwa ji ya yi? Domin a wurin masu bori iskoki ba dodanni ne marasa suna ba. Kowane yana da sunansa da danginsa, da kalar tufafinsa, da kiɗan da ake yi masa da goge ko garaya. Ɗan Galadima ɗan sarki ne mai kyauta da son caca. Sarkin Rafi mai zafin kai ne. Doguwa akwai fara akwai baƙa, kuma halinsu ba ɗaya ba ne. In fim ya tara su duka ya mai da su abu ɗaya mai jajayen idanu da dogayen farata, dattijuwar da ta san gidan bori sai ta kau da kai, ba don ta ji tsoro ba, don ta ga yara suna wasa da abin da ba su sani ba.

Malamai ma bakinsu bai zo ɗaya ba. Akwai masu cewa irin wannan kallo yana cusa wa yara tsoron wanin Allah, yana kuma ƙara wa boka girma ko da an nuna ya sha kaye a ƙarshe, tunda sa'a biyu aka yi ana nuna ƙarfinsa, minti biyar kacal aka ba malam. Akwai masu ganin wa'azi ne cikin hoto, wanda ke isa inda huɗuba ba ta isa. A Kano gardamar tarbiyya a fim ta kai har aka kafa hukumar tace finafinai ta jiha a 2001.

Ma'aikata kuwa abin da ya fi damunsu shi ne idon baƙo: me za a ce da mu in an ga wannan a waje? Wannan damuwa tsohuwa ce. A 1955 Jean Rouch ya nuna Les Maîtres fous a Paris, fim ɗin da ya ɗauka kusa da Akara a kan ƴan ci-ranin Nijar masu hawan iskokin Hauka. Malaminsa Marcel Griaule ya nemi a lalata fim ɗin, ɗaliban Afirka da ke zauren suka fusata suna ganin an tozarta su, Ingilishi kuma suka hana nuna shi a ƙasashen da suke mulka. A 1957 wannan fim ɗin dai ya ci kyauta a Venis. Shi ba ƙage ba ne, abin da ya faru aka ɗauka, amma fushin da ya tayar shi ne wanda ake ji har yau.

To, ni a ganina duk waɗannan ba su kai ga inda gizo ke saƙa ba. Abin da ya kamata a duba a fim ɗin tsoro shi ne wanda ya ɗora wa laifi, domin ɗan kallo yana fita daga gidan bidiyo da fuskar a ransa. A Living in Bondage mai laifi attajiri ne da ba a san tushen dukiyarsa ba, kuma mutane sun yarda da labarin ne saboda sun riga suna zargin irin waɗannan attajirai. A watan Satumba na 1996, a garin Owerri, bayan an kama wani mutum da kan wani yaro ɗan talla, jama'a suka fito suka ƙone otal ɗin Otokoto da gidajen masu kuɗin da ake zargi. Ba fim ne ya kashe yaron ba, ba kuma shi ya kunna wutar ba, amma tsoron da ke cikin kaset da wanda ke kan titi iri ɗaya ne. A finafinai da yawa da suka biyo baya, fuskar mai laifi ta sauya. Ta koma ta tsohuwa marar ɗa, ko kishiya, ko bazawara mai zaman kanta. Waɗannan ba su da katanga ko mai gadi. A ƙauye, kalmar mayya in ta fita daga bakin yaro ba ta komawa, kuma wadda aka jefa da ita tana iya rasa mai sayen ƙosanta da mai gaishe ta.

Haka kuma marar lafiya. Sau nawa aka nuna yarinya ta faɗi tana kumfa, jikinta yana karkarwa, aka ce aljani ne ya shige ta? Waɗannan alamun farfaɗiya ne, ciwon da ke tasowa daga ƙwaƙwalwa, wanda ba a ɗaukarsa ta yawu ko ta taɓa mai shi. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kusan mutum 70 cikin 100 masu wannan ciwo za su iya daina faɗuwa in sun samu magani yadda ya dace, kuma wasu magungunan ba su da tsada. Uban da ya ga irin wannan faɗuwa sau goma a bidiyo, kowane karo malam ko boka aka kira, da wuya gidan likita ya fara zo masa a rai ranar da ƴarsa ta faɗi a bakin rijiya.

Kada a ce sai an bar labarin iskoki kafin a kauce wa wannan. Ɗan ƙasarmu Moustapha Alassane, wanda ya rasu a 2015, ya yi Toula a 1973 tare da Anna Soehring, a tsakiyar babban farin da ya cinye dabbobin Sahel, daga wani labarin gargajiya da Boubou Hama ya rubuta. Shi ma bai yi shi da dukiya mai yawa ba. Fari ya addabi wata ƙasa, mai duba ya ce iskan ruwa yana son budurwa, sarki kuma ya yarda a ba da Toula, yarinya daga gidansa. Babu tsohuwa mai farata a ciki, babu kishiya mai barbaɗe. Waɗanda suka raka yarinyar zuwa bakin ruwa danginta ne da mutanen garinsu, cikin ado da kiɗa. Saurayin da ke son ta ya hau ya tafi neman ruwa a wata ƙasa domin ya cece ta, ya kuwa samo. Da ya komo da albishir, ya tarar tabki ya riga ya rufe ta.