Baƙin Tsuntsaye A Gaɓar Tekun Muritaniya

Mu mutanen tudu mun saba da tsuntsun da yake zuwa a kan lokacinsa. Idan shamuwa ta sauka a itatuwan gari, manomi ya san damina ta ƙarato. A gaɓar tekun Muritaniya kuwa da ɗari baƙin suke sauka, kuma a shekarun da suka fi yawa masu ƙidaya sun lissafa sama da miliyan biyu.

Wurin da muke magana a kai shi ne Banc d'Arguin, wanda yake tsakanin Nuwakshot da Nuwadibu, inda rairayin Sahara yake gangarowa har cikin ruwan gishiri. An mayar da shi gandun da hukuma take karewa a shekarar 1976, bisa ƙoƙarin masanin nan na Faransa Théodore Monod, sannan UNESCO ta sanya shi cikin kayan gadon duniya a 1989. Faɗinsa ya kai murabba'in kilomita 12,000, kusan rabi tudu rabi ruwa. Ruwan ba shi da zurfi ko kaɗan, abin da ya sa jirgin Faransa mai suna Méduse ya kafe a can a 1816, mutane da yawa suka halaka. Wannan rashin zurfi shi ne arzikin tsuntsaye, domin sau biyu a yini teku yana janyewa ya bar fili mai taɓo da ciyawar ruwa, cike da tsutsa da ƙananan halittu masu ɓawo.

Mai son ganinsu sai ya bi ta ƙauyukan masunta irin su Iwik, ya shiga kwale-kwalen katako wanda iska take turawa da zane. Doka ta hana kamun kifi da jirgi mai inji a cikin gandun, kuma Imragen, wato masuntan da suka gāji wurin, su kaɗai aka yarda su yi su a ciki. Saboda haka baƙo ba shi da ikon tsayar da sa'ar tashi. Cikowar ruwa da kaɗawar iska suke yanke ta. Wanda bai iya jira ba zai sha wuya, ko da yake masu jirgin ba sa barin mutum ba shayi. Lokacin da ruwa ya cika ne ya fi kyau, domin a sannan tsuntsaye suke barin wurin kiwo su taru a bakin tsibirai kamar Tidra, har garke ɗaya ya tashi kamar hayaƙi. Akwai kwasa-kwasa, da zalɓe, da mai baki kamar cokali, da dogon nan mai launin ja-ja da ake kira flamant da Faransanci.

Amma wanda ya fi ba mu mamaki ƙarami ne, bai kai kurciya cika ido ba: bécasseau maubèche. A arewacin Siberiya yake ƙyanƙyasa, ya yada zango a gaɓar Holand da Jamus, ya iso nan bayan tafiyar dubban kilomita. A 2016 masu bincike na Holand suka bayyana cewa ƙanƙara tana narkewa da wuri a mahaifarsa, kimanin mako biyu kafin lokacin da ta saba shekara talatin da suka wuce. Ƙwarin da ƴaƴan suke ci sai su fito su ragu kafin a ƙyanƙyashe su, ƴaƴan su tashi ƙanana da gajeren baki. Idan suka iso Muritaniya bakin ba ya kaiwa ga abincin da ke binne a taɓo, sai su koma cin saiwar ciyawa, kuma irin waɗannan sun fi saurin mutuwa. Yunwar da aka sha a ƙuruciya ta biyo su har wata nahiya; iyayen da suka ga shekarar fari sun san wannan.

Su ma Imragen ba a cikin sauƙi suke riƙe da wurin ba. A da sukan shiga ruwa da ƙafa, su bugi teku da sanda, dabbobin nan da ake kira dolfin su koro musu kifi zuwa raga, mata kuma su shanya nama da ƙwan kifin, su tatsi mai daga kawunan. Yau da wuya a ga haka. Da kasuwar Asiya ta buɗe wa fiffiken kifin shak, kuɗi ya ja da yawa daga cikinsu, har sai da aka yi yarjejeniyar daina kafa masa raga a 2003. A ganinmu ba adalci ba ne a nemi talakan masunci ya haƙura da inji, alhali manyan jiragen ƙasashen waje suna kwasar kifi a bayan iyakar gandun. Kuɗin da baƙo ya biya na hayar kwale-kwale da kwana a tanti yana rage wannan giɓi, don haka bai kamata a tsananta ciniki ba.

Daga Disamba zuwa Fabrairu ne tsuntsaye suka fi cika. Ana buƙatar izinin shiga, da mota mai iya rairayi, da ɗan jagora, da ruwan sha isasshe, da madubin hangen nesa. A kuma hana yara matsawa kusa da tsibiran da ake sheƙa. Hanyar takan bi ta Shami, garin da aka kafa a 2012 a bakin titin Nuwadibu. Tun da aka shiga haƙar zinari a yankin a 2016, a nan ake niƙa duwatsu ana tace su da sinadarin merkuri, ƴan kilomita kaɗan daga iyakar gandun.