Wane fenti ya dace da makewayi?

Jama'ar Badagishiri, da ƴan uwanmu na Abijan da Libiya masu aiko da kuɗin gyaran gida, makewayi ba ɗakin kwana ba ne. Fom, fentin ruwan nan mai araha, ba ya jure ruwan sabulu, nan da nan yake ɓarewa. Mu dai shawararmu, daga ƙasa zuwa kafaɗa a shafa fentin mai, mai sheƙi, wanda tsumma ke gogewa. Sama kuwa, fom ko farar ƙasa ta isa.

Amma kada a matsa wa mai fenti. Sabon yaɓen siminti, ko na Malbaza ne, sai ya samu kamar kwana 28 ya bushe. In aka yi gaggawa fentin ya kumbura, kuɗin bida sun tafi ke nan. A bar ƴar taga kuma, danshi ya riƙa fita.