MURFIN TANKIN BABUR: ƘARAMIN ABU MAI BABBAN AIKI

A ƙasarmu ta Zandam, babur shi ne dokin zamani. Da shi malami ke zuwa makaranta, da shi ake kai mara lafiya asibiti a Gwaram ko Birnin Kudu, da shi manomi ke kai buhunsa kasuwa. A gidaje da dama akwai tsofaffin babura irin su Honda Benly, Suzuki A100 da Yamaha YB100, waɗansu ma sun girmi Jihar Jigawa kanta, wadda aka kafa a 1991. Masu su suna lura da fulogi da taya da man inji, amma ba safai ake tunawa da murfin tanki ba. Alhali murfin nan yana da aiki biyu: ya bar iska ta shiga, ya kuma hana fetur fita.

Me ya sa tanki ke bukatar iska?

Mai karatu, ka tuna da gwangwanin madara. In ka huda shi wuri ɗaya, madarar ba ta zuba sosai. Da ka ƙara huda ta biyu, sai ta sauko babu tangarɗa, domin iska ta sami hanyar shiga ta cike gurbin da madarar ta bari.

Haka tankin babur yake. Tsofaffin babura ba su da famfon da ke tura mai. Tanki yana sama, kabureta tana ƙasa, nauyin fetur kaɗai ke gangaro da shi ta cikin tiyo. Wannan turi kuwa ba shi da ƙarfi. Fetur mai tsayin santimita 30 yana turawa ne da kimanin kashi 2 cikin 100 na nauyin iskar da ke kewaye da mu. Saboda haka aka yi wata 'yar huda a jikin murfi, kamar kafar allura. In ta toshe, iskar cikin tanki takan ragu yayin da fetur ke sauka, har tankin ya riƙe man ya hana shi gangarawa.

Yadda za a gane hudar ta toshe

A ce mutum ya tashi daga Zandam da tanki cike. Bai yi nisa ba sai babur ya soma shaƙewa kamar mai ya ƙare, daga nan ya mutu. Ya tsaya a gindin bishiya, bayan ɗan lokaci ya buga, babur ya tashi, can gaba kuma ya sake mutuwa. Mutane da yawa sukan ɗora laifin a kan fulogi ko kabureta, su kashe kuɗi a banza.

Gwajin ba shi da wuya. Da zarar babur ya mutu, kasa kunne ka buɗe murfin a hankali. In ka ji iska ta shiga da 'yar ƙara, kuma babur ya tashi bayan minti ɗaya, to, ka kama ɓarawonka. Abin ya fi saurin faruwa in tanki a cike yake, domin iskar da ke ciki kaɗan ce.

Abubuwan da ke toshe hudar su ne ƙurar hunturu, tsatsa, sabon fenti, da kuma ledar da waɗansu ke shimfiɗawa a bakin tanki kafin su rufe.

Gyaran huda

1. A kashe inji a bari ya huce. A yi aikin a fili, nesa da murhu, fitila da mai shan taba.
2. A cire murfin, a rufe bakin tanki da tsumma mai tsabta.
3. In murfin mai kwancewa ne, a kwance shi a jera kayan bi da bi, don kada a ruɗe wajen mayarwa.
4. A jiƙa shi cikin kananzir, a tsokane hudar da silin waya guda daga tsohuwar wayar birki.
5. A hura da famfon taya, ba da baki ba, har a ji iska tana wucewa.

Kada a faɗaɗa hudar da ƙusa. Babbar huda takan bar ruwan damina ya shiga. Ruwa ya fi fetur nauyi, sai ya kwanta a gindin tanki ya jawo tsatsa.

Yoyon murfi

Alamar yoyo ita ce warin mai, da danshi kewaye da murfi, da fenti mai tashi. Yawanci robar da ke ƙarƙashin murfin ce ta tsufa ta bushe ta tsage. Wani lokaci bakin tanki ne ya lanƙwashe ko ya yi tsatsa, ko sifirin ɗin da ke matse murfin ya saki.

Maganin shi ne sabuwar roba, amma ba kowace iri ba. Robar tsohon tib na taya takan kumbura ta yi laushi cikin fetur, ɓarɓashinta ya gangara ya toshe kabureta. A nemi wadda aka yi don fetur a wurin masu sayar da kayan babur. In babu daidai girman, a ɗora tsohuwar a kan sabuwa a zana a yanka, a kula kada ta rufe hanyar iska. In bakin tanki ya yi tsatsa, a toshe shi da tsumma, a goge a hankali da samfefa mai laushi. Leda kuwa ba magani ba ce. Ta tsayar da yoyo yau, gobe ta tsayar da babur a daji.

Akwai kuma yoyon da ba laifin murfi ba ne. Fetur yana ƙaruwa da kusan kashi 1 cikin 100 duk lokacin da zafinsa ya hau da digiri 10. Wanda ya cika tanki har baki da sanyin safiya, ya ajiye babur a ranar bazara, zai tarar mai yana tumbatsa. A riƙa barin sarari kamar faɗin yatsa biyu, a kuma nemi inuwa.

Abin lura

Tun da aka janye tallafin mai a ranar 29 ga Mayu 2023, lita ta tashi daga ƙasa da naira 200 ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kowane ɗigo ya zama kuɗi. Amma hasarar rai ta fi ta kuɗi. Ba mu manta da gobarar tankar mai ta Majiya a Ƙaramar Hukumar Taura ba, a watan Oktoba 2024, inda mutane fiye da 150 suka rasu. Tururin fetur ke kama wuta, kuma fetur ɗin da ya malalo daga murfi kan inji mai zafi yake sauka. Don haka kada a kai tanki wurin mai walda da sunan ai babu mai a ciki, gama tururin yana nan.

'Yan'uwa ɗalibai, in kun koma gida hutu, ku duba murfin babur ɗin gidanku tare da babba. Aikin bai wuce rabin awa ba. Hausawa sun ce rigakafi ya fi magani.