Masu Raka Dawaki Zuwa Gasar Ƙasashen Duniya

Duk wanda ya taɓa kallon hawan salla ya san inda idon jama'a ya ke zuwa, watau kan mahayi da rawaninsa da adon sirdinsa. Ba safai a ke tuna wanda ya tashi tun da assalatu ya share barga, ya wanke dokin, ya ɗaura masa kaya ba. To, masu karatu, haka al'amarin ya ke a manyan wasannin dawaki na duniya. Mahayi ke karɓar lambar zinariya, amma a bayansa akwai wani wanda in ya yi sakaci na dare ɗaya, wahalar shekara 4 ta tashi a banza. Shi ne wanda mu ke kira yaron doki, ko da ya ke a can manyan mutane ne, da yawansu ma mata.

Aikinsa ya kan fara tun kafin a kama hanya, gama kowace ƙasa tana tsoron a shigo mata da cutar dabbobi. A 1956, sa'ad da aka yi wasannin Olimfik a Melbon ta Ostareliya, dokar ƙasar ta tsare dabbobin waje ta yi tsanani, har sai da aka kai wasan dawaki Istokholm ta Suwidin. Da za a tafi wasannin Tokiyo a 2021 kuwa, sai da aka keɓe yawancin dawakin kwana 7 a Aken ta Jamus, masu kula da su suna tare da su, sa'an nan aka kai su Liyej ta Beljiyam suka hau jirgin sama. Jirgin farko ya ɗauki dawaki 36, ya yada zango a Dubai, tafiyar ta haura awa 18.

Cikin jirgi a kan sa dawaki bibbiyu a akwati mai kama da ɗan ɗaki, su yi tafiyar duka a tsaye, gama Allah ya hore wa doki barci a tsaye. Mutane kaɗan a ke bari su shiga tare da likitan dabbobi, saboda haka mutum ya kan kula da dokinsa da na waɗansu. Lokacin tashi da na sauka su ne na fargaba. A 1964 wani dokin Amurka mai suna Markham ya firgita cikin jirgi a kan hanyar Tokiyo, ya gagara, har tilas aka kashe shi don tsiran sauran.

Amma haɗarin da ya fi yawa ba ya zuwa da hayaniya. Doki dabba ne mai kiwo kai a ƙasa, ta haka majina da ƙura ke fita daga maƙogwaronsa. In ya daɗe kai a sama, sai su gangara huhu, zazzaɓi ya kama shi bayan sauka. Har wa yau doki ba ya iya amai, don haka ciwon ciki ya kan kashe shi, ƙarancin shan ruwa kuwa yana cikin abin da ke jawo shi. Ga shi kuma wani dokin ba ya yarda da ruwan baƙon wuri. Sai mai kula da shi ya dinga zagayawa da bokiti, ya jiƙa ciyawa, wani lokaci ya ɗiga ruwan tuffa a ciki don ya rarrashe shi.

In an sauka, sai aikin alƙalami ya taso. Kowane doki yana da fasfo nasa, mai nuna kamanninsa da alluran da aka yi masa. Tun bayan annobar da ta kashe dawaki a Balensiya ta Sifen a 2021, ƙungiyar wasannin dawaki ta duniya, FEI, wadda aka kafa a 1921, ta wajabta a auna zafin jikin kowane doki sau 2 a rana a rubuta. Kuma dole a tsare abin da doki ke ci da man da a ke shafa masa, domin in an gwada jininsa aka sami haramtaccen magani, an soke nasarar ke nan, ko da kuskure ne.

Duk da wannan nauyi, an daɗe ana yin kura da shan bugu, gardi da karɓar kuɗi. Shi ne na farko a barga, shi ne na ƙarshen fita, ya yi makonni bai ga iyalinsa ba, lada kuwa ba ta kai wahalar ba. Sai a 2009 FEI ta fara ba da lambar girma ga gwanin wannan sana'a. A 2017 Alan Davies na Ingila ya same ta, shi ne mai kula da Valegro, dokin da ya ci zinariya a Landan a 2012 da Riyo a 2016. A 2022 kuma suka kafa ƙungiyarsu ta duniya don neman haƙƙinsu.

Saboda haka, jama'a, in kun ga doki ya yi bajinta a ƙasar da ba tasa ba, ku yaba wa mahayi, amma ku tambayi sunan wanda ya kai shi can lafiya.