Tsangwamar Mata a Kan Hanya: Abin da Ya Kamata Jama'a da Shugabanni Su Sani

Abin da muke nufi da tsangwama a nan shi ne duk wata magana ko aiki da ake yi wa mace a bainar jama'a ba da yardarta ba: yi mata fito ko ihu, jifanta da kalaman batsa, tare mata hanya, bin sawunta, ko taɓa jikinta a cikin cunkoso. Da yawa daga cikinmu kan ɗauki wannan a matsayin wasan samari. Amma ga wadda aka yi wa, abin tsoro ne da ke sa ta sauya hanya ko ta daina fita.

Inda abin ya fi faruwa

A karkara, mun fi ganin haka a hanyar rijiya ko famfon burtsatse, da hanyar makaranta, da tashar mota, da kuma ranar kasuwa. 'Yan mata masu talla sun fi kowa shiga haɗari, domin su kaɗai suke yawo, wani lokaci har bayan magariba. Illar ba ta tsaya kan yarinyar ba. Uba ya ji ana tare 'yarsa, sai ya cire ta daga makaranta. Mai juna biyu kan fasa zuwa awo. Mai sana'a kan bar kasuwa. Ta haka wanda ya yi laifi ke ci gaba da zamansa a bakin hanya, wadda aka zalunta kuma ita ce ke asara.

Abin da doka ta tanada

A shekarar 2015 Gwamnatin Tarayya ta kafa dokar hana cin zarafin jama'a, wadda aka fi sani da VAPP. Dokar ta ɗauki bin sawun mutum da tsoratar da shi da nuna tsiraici a matsayin laifuka. Wanda aka samu da laifin bin sawu zai iya shan ɗaurin da bai wuce shekara 2 ba, ko tarar da ba ta wuce naira 500,000 ba, ko duka biyun. Asalin dokar ta shafi Abuja ne, daga baya jihohi suka riƙa kafa tasu, kamar Kaduna a 2018 da Bauchi a 2020 da Jigawa a 2021.

Tun kafin haka, a 2005, Jihar Kano ta fito da babura masu ƙafa uku domin ɗaukar mata, waɗanda har yau ake kira A Daidaita Sahu. Sai dai abin hawa kaɗai ba ya isa, matuƙar majalisar samari da ke bakin titi ba ta da mai tsawata mata.

Nauyin da ke kanmu

Mai unguwa da dagaci sun san kowane yaro da gidan da ya fito, saboda haka su ne matakin farko. Idan aka kawo ƙara, a saurari yarinya cikin sirri tare da wata dattijuwa, kada a fara da tambayar me ya fitar da ita. A kira yaron da iyayensa a ja musu kunne. Idan kuwa an kai ga taɓa jiki ko barazana, wannan ya wuce sulhu: a kai ta asibiti in da rauni, a kuma sanar da 'yan sanda.

Har ila yau, muna kira ga shugabannin tasha su sa ido kan direbobi da 'yan kamasho, ƙananan hukumomi su sare ciyayi su kuma sa fitilu a hanyoyin da mata ke bi, limamai su riƙa tunatarwa a huɗuba. Iyaye kuma su daina tura yara talla da dare, su saba musu da tafiya a rukuni, su kuma ba su damar faɗin abin da ya same su ba tare da tsoron duka ba.