Abin da ɗalibi ke koyo a bakin daji da asuba

A jami'o'in Ingila da Amurka, idan sanyi ya wuce, a watannin Afrilu da Mayu, malaman ilimin halittu kan tashi ɗalibansu tun kafin gari ya waye, su kai su bakin daji ko fadama, kowa rataye da madubin hangen nesa, riƙe da ɗan littafin rubutu. Lokacin ba a banza aka zaɓe shi ba. A makonnin nan ne tsuntsayen da suka yi ƙaura suke dawowa, mazansu na rera kuka da sassafe don kama wurin sheƙa da jawo mata, ga shi bishiyoyi ba su gama cika da ganye ba, ido na iya kai wa reshe. Wanda ya gan su daga nesa zai ce yawon shan iska ne. Ni kuwa ina ganin a nan ake horar da mutanen da kan fara lura idan ƙasa ta soma lalacewa.

Hujjar tana cikin labarin wata 'yar tsuntsuwa mai farin maƙogwaro, wadda Turawan Ingila ke kira waitrot. Nauyinta bai kai giram 20 ba, amma kowace shekara takan yi ƙwai a Turai, ta ƙetare Sahara, ta yi rani a yankinmu na Sahel, daga Senegal har Tafkin Chadi da gabashinsa. Tun 1962 ƙungiyar nazarin tsuntsaye ta Birtaniya, BTO, ta sa masu sa kai suna ƙirga tsuntsaye a gonaki da dazuzzuka, wuri ɗaya kowace shekara. Da aka yi ƙirgar 1969, sai aka tarar fiye da kashi biyu bisa uku na wannan tsuntsuwa ba su dawo ba. Masana suka bi sawu, a 1974 suka danganta abin da ƙarancin ruwan sama a Sahel, wato farkon farin da ya zo ya cinye dabbobi da amfanin gona a Nijar da arewacin Najeriya. Abin lura shi ne, waɗanda suka gano giɓin mutane ne da suka san kukanta, suka tsaya a inda suka saba jin ta, suka ji shiru, suka rubuta. Da ba su iya bambance ta da 'yan uwanta masu kama da ita ba, da ɓacewarta ta wuce ba wanda ya sani. Haka kuma binciken da mujallar Science ta buga a 2019, wanda ya nuna Arewacin Amurka ta yi asarar tsuntsaye kusan biliyan 3 tun daga 1970, ya dogara sosai a kan ƙirgar da irin waɗannan mutane suka tara shekara da shekaru.

Wani zai ce ai yanzu waya ta ɗauke wa mutum wannan wahala. Gaskiya ne manhajar Merlin ta ɗakin nazarin tsuntsaye na Jami'ar Cornell tana sauraron kuka ta faɗi sunan mai shi. Sai dai da me aka koyar da ita? Da sautin da mutane suka naɗa a daji, suka tantance da kunnensu. Takan kuma yi kuskure, musamman idan tsuntsaye da yawa suka haɗa baki, kuma ɗalibin da bai taɓa koyo da kansa ba zai karɓi kuskuren hannu bibbiyu ya shigar cikin rumbun eBird, wanda masu bincike ke ɗiba daga cikinsa. Wayar ma ba ta tambayar me ya sa bana aka makara, ko me ya sa fadamar nan ta yi tsit.

Akwai ƙorafi na biyu da ya fi nauyi, cewa fitar yini ɗaya ba ta mai da kowa gwani, kuma ƙirgar sabon shiga ba abin dogaro ba ce. Wannan haka yake, kuma malamin kirki ba ya da'awar akasinsa. Abin da safiyar take koyarwa ɗabi'a ce: ka rubuta wuri da lokaci da yanayin gari, ka rubuta abin da ka gani kawai, wanda ba ka tabbatar ba ka sa masa alamar shakka. Ɗalibin da ya kusa rantsuwa cewa ya ga wani tsuntsu, malami ya nuna masa ratsin fiffike da ya ƙaryata shi, ya ɗanɗani abin da littafi ba ya iya ɗanɗana masa. Ko daga baya ya koma aikin likita ko binciken ruwan sha, ɗabi'ar tana binsa.

Manomin Hausa ba baƙon wannan ilimi ba ne, domin ganin shamuwa ta sauka a kan bishiyar gari ya ishe shi sanin damina ta kusa. Abin da fitar ɗalibai ke ƙarawa shi ne rubutu da kwanan wata, yadda za a iya gwada bana da shekaru 20 da suka wuce. Ana yin hakan a gida ma. Tun 2002 APLORI, cibiyar nazarin tsuntsaye ta Jami'ar Jos, take horar da ɗaliban digiri na biyu a dajin Amurum, kuma a watan Maris da farkon Afrilu suna iya ganin waitrot tana cika ciki kafin ta nufi hamada, makonni kaɗan kafin ɗaliban Ingila su fito jiran isowarta.