Hatsinmu ya shiga kwamfuta: ina ɗaliban da za su karanta mana shi?

Duk wanda ya taɓa yin kaka a Urno, ko a ƙauyukan Buza da Keita, ya san akwai aikin da maigida ba ya wakilta yaro a kansa. Bayan an yanke hatsi, kafin a ɗaure dammuna a kai rumbu, shi da kansa yake bin zangarniya ɗaya bayan ɗaya, yana ware waɗanda suka cika, suka nuna da wuri, tsuntsu da tsutsa ba su taɓa ba. Waɗannan su ne irin baɗi, kuma ba a kai su turmi sai in yunwa ta kai inda ta kai. Mai yiwuwa manomin nan bai taɓa zama bisa bencin lakwal ba, amma abin da yake yi bincike ne, har ma masana sun auna sakamakonsa cikin ƙwayar hatsin kanta. Cikin waɗanda suka yi awon kuwa har da wani ɗalibi ɗan ƙasar nan.

Iri biyu, shekara 27 tsakaninsu

A 1976, bayan babban farin 1973 da 1974, masu bincike na hukumar Faransa da ake kira ORSTOM a lokacin, IRD a yau, sun zaga ƙauyukan Nijar suna karɓar irin hatsi daga hannun manoma, aka kai shi aka adana. A 2003 sai aka sake komawa ƙauyuka 79 daga cikinsu, aka karɓi irin da suke shukawa a lokacin. Tsakanin zagayen biyu an sha farin 1984, wanda mutanenmu suka laƙaba wa suna El-Buhari, damina kuma ta yi ta gajarta. Aka ɗauki tsohon iri da sabo, aka shuka su kafaɗa da kafaɗa a gonar gwaji ta ICRISAT da ke Sadore, kudu da Yamai.

Abin da aka gani, wanda aka wallafa a 2011, ya isa a tsaya a kansa. Manoma ba su yar da irin kakanninsu ba, sunayen da aka tarar a 1976 galibi su aka sake tararwa. Sai dai hatsin 2003 ya riga na 1976 fitar da kai, karansa ya ragu, zangarniyarsa ta gajarta. Wato ke nan da hannun manomi da halin damina sun haɗu sun sauya hatsin daga ciki, ba tare da wani ya ba da umurni ba.

Mene ne ya sauya a cikin? A nan ne aikin Abdul-Aziz Sa'idu ya shigo, ɗan Nijar da ke karatun digirin dokta a Mompeliye a wancan lokaci, wanda daga baya ya koyar a jami'ar Maraɗi. A 2009, shi da abokan aikinsa sun nuna cewa wata ƙwayar gado mai suna PHYC tana da hannu wajen lokacin da hatsi ke fitar da kai. Da aka duba irin ƙauyukan nan, sai aka tarar nau'in PHYC mai sa saurin nuna ya kusa ninkawa biyu tsakanin 1976 da 2003.

Furotin, ma'aikacin da ido ba ya gani

Mai karatu zai so a fayyace masa wannan magana. Cikin kowane mai rai, mutum ne ko akuya ko karan hatsi, akwai wani dogon rubutu da ake kira ADN, wanda haruffa 4 kacal ake jujjuyawa a rubuta shi. Kowace ƙwayar gado wani sashe ne na rubutun, kuma yawancinsu umurni ne na yadda za a ƙera furotin guda. Furotin kuwa kamar carbi yake, an jera shi da duwatsu iri 20, sa'an nan ya naɗe kansa ya ɗauki wata siffa. Siffar nan ita ke yanke irin aikin da zai yi. Wani furotin yana ɗaukar iska cikin jini, wani yana narkar da tuwo cikin ciki. Wanda PHYC ke ƙerawa aikinsa jin haske ne: da taimakonsa shuka ke gane tsawon yini, ta san lokacin fitar da kai ya yi. Kuma dutse guda in ya sauya cikin carbin, yana iya sauya rayuwar mutum. Ciwon sikila da ke wahal da yara da yawa a gidajenmu daga nan yake: dutse na 6 ne ya sauya a wani sashe na furotin ɗin jini, kamar yadda Vernon Ingram ya gano a Ingila cikin shekarun 1950.

To, ina kwamfuta ta shigo? A 2017 gamayyar masana da ta haɗa ICRISAT da IRD da wasu ta wallafa rubutun gadon hatsi: kusan haruffa miliyan 1,800, ɗauke da ƙwayoyin gado sama da 38,000. In kowane shafi zai ɗauki haruffa 2,000, sai an cika shafi wajen 900,000. Babu malamin da zai karance wannan da ido. A 2019 aka yi wa wake irin wannan aiki, kuma irin da aka zaɓa shi ne IT97K-499-35, wanda cibiyar IITA ta fitar, mai jure wa ƙuduji.

Gano siffar furotin kuwa, a da aikin shekaru ne da na'urori masu tsadar gaske. Tun daga 1958 da John Kendrew ya fitar da ta farko har zuwa 2020, waɗanda aka gano ba su kai 200,000 ba. A 2020 wata manhaja mai suna AlphaFold, ta kamfanin DeepMind da ke Landan, ta nuna tana iya hasashen siffar daga jerin duwatsun kawai. A 2022 aka zuba siffofi sama da miliyan 200 a intanet, kyauta ga kowa, kuma a 2024 biyu daga cikin masu aikin suka samu kyautar Nobel. Ma'anar wannan ga yaron da ya fito daga Urno a fili take: wani babban sashe na aikin da a da sai a Paris ko Amurka, yau ana iya fara shi da kwamfutar hannu da layi mai kyau.

Layi, wuta da malami

Amma fa an ce ganin kitse ake yi wa rogo. Kyautar da ke cikin intanet ba ta isa ga wanda ba ya da hanyar ɗauko ta. Nijar ta shiga intanet a ƙarshen shekarun 1990 ta hannun SONITEL, kuma da yake ba mu da gaɓar teku, wayoyinmu na gilashi sai sun ratsa ƙasashen maƙwabta kafin su kai ga manyan wayoyin da ke ƙarƙashin ruwa. Bayanan awon shuka 'yan kaɗan suna iya cinye kuɗin layin da ɗalibi ya tanada na wata guda. Shi ya sa ilimin haɗa kwamfutoci ya zama abokin tafiyar ilimin furotin: jami'a in tana da rumbun bayanai nata, ta ɗauko abu sau ɗaya, ɗalibai ɗari su yi aiki da shi ba tare da kowa ya sake biya ba. Ƙungiyar H3ABioNet, da aka kafa a 2012 domin horar da 'yan Afirka kan wannan fanni, ta yi reshe a cibiyar CERMES ta Yamai, kuma darussanta na nesa sun nuna cewa aji guda mai layi da mai kula da shi ya isa a fara. A 2025 kuma Starlink ya fara aiki a ƙasar nan, abin da ya sa nisa daga babbar hanya ya daina zama hujja, ko da yake kuɗinsa ba na ɗalibi guda ba ne.

Sai maganar wuta. Ba mu manta da watan Agusta na 2023 ba, lokacin da Nijeriya ta yanke wutar da take turo mana, aka yi watanni ana fama. Alhali kuwa a jihar Tawa, a Malbaza, aka buɗe tashar hasken rana mai ƙarfin megawat 7 a 2018, kuma marigayi Abdu Mumuni, wanda jami'ar Yamai ke ɗauke da sunansa tun 1992, rayuwarsa ya ƙarar yana nuna mana cewa ranar da ke ƙona mu dukiya ce. Faifan rana 'yan kaɗan da batir sun isa su riƙe ɗakin kwamfuta.

Na uku shi ne malami. Tun 2010 Tawa tana da jami'arta, wadda yau ke amsa sunan Jibo Hamani, masanin tarihin Adar. A shekarar ce kuma Maraɗi da Damagaram suka samu nasu. Yaron da ya ci jarrabawar bak a Madawa ba dole sai ya dangana da Yamai ba. Abin da ya rage shi ne a rushe katangar da ke tsakanin sassan karatu, domin mai karatun kwamfuta da mai karatun halittu su zauna kan aiki guda, kowa ya rufa wa ɗan'uwansa baya.

Tambayoyin suna gida

Kada a ɗauka kwamfuta za ta maye gurbin gona. Hasashe take yi, gwaji ne ke tabbatarwa, kuma tambaya mai amfani daga kasuwa da rumbu take fitowa. Masu sayen wake su ajiye sun san asarar da ƙwaro ke jawowa. Buhun PICS mai riɓi uku, wanda ya fara yaɗuwa daga 2007, an gwada shi a nan gida tare da Ibrahim Bawa na INRAN ta Maraɗi da jami'ar Purdue ta Amurka. Binciken ya nuna cewa in iska ta ƙare cikin buhun, ƙwaron yakan daina ci, sa'an nan ƙishirwa ta kashe shi, domin da iskar yake samar da ruwan jikinsa daga abincin da ya ci. Ga ilimin sinadaran jiki ya koma riba cikin aljihun ɗan kasuwa, ba tare da an zuba wa abinci guba ba.

Haka maganar tamowa, wadda ta sa ƙungiyar likitoci ta MSF ta zauna a Madawa da Buza bayan yunwar 2005. Kusan kashi ɗaya cikin huɗu na ƙwayar wake furotin ne, na hatsi kuwa wajen ɗaya cikin goma, kuma dutsen da ake kira lizin, wanda ya yi ƙaranci cikin hatsi, wake yana da shi. Wane irin wake ne na Majiya ya fi dacewa da kunun yaye? Wane irin hatsi na tudun Keita ne ya fi jure wa yankewar ruwa? A 2019 cibiyar binciken noma ta Zariya ta fitar da wake mai suna SAMPEA 20-T, wanda aka sa wa furotin da ke kashe tsutsar fure. Iri kuwa ba ya neman takardar ƙetare iyaka. Wa zai auna mana abin da ke shigowa kasuwanninmu, ya faɗa wa manomi gaskiyar amfaninsa da sharuɗɗansa? In ba 'ya'yanmu suka ɗauki waɗannan tambayoyi ba, to sai mu jira ranar da wani daga nesa zai ga dama.

Alhazan albasa da na wake, kuɗin kwamfutar hannu guda da layin shekara bai kai asarar da ƙwaro ko ruɓa ke yi wa babban ɗan kasuwa cikin kaka guda ba; ku nemi ɗalibi ɗan yankinku, ku ɗauki nauyin bincikensa, ku ba shi tambayar da ke damunku. Ma'aikatan gona, na kiwon lafiya da na ƙananan hukumomi, rajistocin ruwan sama da na amfanin gona da ke cin ƙura cikin ofisoshinku, har da tarin bayanan da aikin raya karkara na Keita ya bari tun daga 1984, abinci ne ga mai bincike. Ku buɗe masa ƙofa in ya zo. Tsohon da ke ware zangarniya a Urno ya yi nasa, shekara da shekaru, bai nemi lada ba. Allah ya sa a samu cikin jikokinsa wanda zai karanta abin da ya rubuta cikin irin, amin.